Karen Bana da Zomon Bana: Tarihin Gadi a Karkarar Arewacin Kano

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya gina gida a garinsu, ko ya kafa gidan gona a wajejen Dambatta, Bichi, Makoɗa ko Kunci, yakan wayi gari da wata tambayar da kakansa bai taɓa yi wa kansa ba: wane irin kare zai ajiye? Masu tallar karnuka a intanet sukan ajiye masa zaɓi biyu. Ga ɗan mitsitsi mai gashi kamar auduga, irin su Lhasa Apso, wanda nauyinsa bai wuce kilo 6 zuwa 8 ba. Ga kuma ƙato irin su Boerboel ko karen tsaunukan Kokeshiya, wanda kan haura kilo 60, ya fi wani saurayin nauyi.

Tambayar ta ƙara nauyi tun ƙarshen 2025, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsallako daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, aka sace mutane da dabbobi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, don haka har waɗanda ke nesa da iyakar suka fara sake duba ƙofofinsu. Sai dai wannan ƙasa ta daɗe da karnuka, kuma ta daɗe da yanke shawarar girman da ya dace da ita. Sanin yadda aka kai ga wannan shawara zai taimaki duk mai shirin kashe kuɗinsa.

Kare a tushen Kano

Tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da mafarauta. Barbushe, jagoran mazauna gindin Dala, an siffanta shi da ƙarfi da gwanintar farauta. A cikin abubuwan da mutanensa ke kaiwa wurin bautar Tsumburbura an ambaci baƙin kare tare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Wato tun kafin Bagauda, kare yana cikin rayuwar mutanen wannan yanki, kuma yana da ƙimar da za a miƙa shi a matsayin hadaya.

Aikinsa na yau da kullum shi ne farauta. Da an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyuka sukan fita daji rundunarundunar da kiɗa da gora da barandami, karnuka na gaba suna tayar da zomo da gafiya da kurege da gada. Harshen Hausa ya adana sawun wannan zamani. Ana cewa an yi kare jini biri jini idan faɗa ya ƙare kowa ya ji jiki, kuma wanda ya taɓa gadin gonar dawa daga birai ya san inda maganar ta samo asali. Ana kiran ɗan bangar da ake aikawa ya yi ɓarna karen farautar wane. Ana kiran yaron direba karen mota. A duk waɗannan, kare ma'aikaci ne mai gudu da biyayya. Babu inda harshen ya san shi da zama a cinya, babu kuma inda ya san shi da girman maraƙi.

Hukuncin malamai

Musulunci ya kafu a fadar Kano da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma mazhabar Malikiyya ce ta zama ma'auni. Matsayinta game da kare ya fi yadda mutane da yawa ke zato sassauci ta wani ɓangare, ya kuma fi tsanani ta wani.

Ta fuskar tsarki, Malikiyya na ganin kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, a wurinsu, bin umarni ne na ibada, ba hujjar najasa ba. Alƙur'ani ya halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, a Suratul Ma'ida, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahfi kwance a bakin kogo. Hadisi ya zo da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi.

Ta fuskar ajiyewa kuwa an ƙuntata. Hadisan Bukhari da Muslim sun nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare, sai in na farauta ne, ko na kiwo, ko na gona. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk almajirin makarantar zaure ya karanta, ta bi wannan layi: ba a ajiye kare a gidajen gari ko na ƙauye sai don ɗayan waɗannan ayyuka. Ta kuma ambaci hanin sayar da kare, da saɓanin malamai game da sayar da wanda aka halatta ajiyewa, tare da cewa wanda ya kashe shi zai biya ƙimarsa.

To ina matsayin karen gadin gida, wanda ba a ambata a jerin ba? Masu sharhin Risala sun kawo labarin da ya zama amsa. An ce katangar gidan Ibn Abi Zaid da kansa ta faɗi a lokacin da yake tsoron mahukuntan zamaninsa, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Da wannan ƙiyasi malamai da yawa suka halatta karen gadi idan akwai buƙata.

Abin da wannan ya haifar a karkarar Kano a bayyane yake. Kare ya samu wurin zama a bakin zaure, a gindin rumbu, a kusa da turken awaki, amma bai samu shiga ɗaki ba. Kuma ba haja ba ne: kwikwiyo kyauta ake karɓowa daga maƙwabcin da karyarsa ta haihu. Ɗan ƙaramin karen da aka ƙirƙira don ya kwanta a kan kujera ba shi da gurbi a wannan tsari, sai in an ba shi wani aiki.

Ƙasar da daji ya ƙare

Abu na biyu da ya tsara karen Kano shi ne ƙasar da kanta. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yawan jama'a da albarkar gonakin da ke kewaye da birnin. Fiye da shekara ɗari bayansa, a shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya auna yankin, ya zana iyakarsa a inda yawan mutane ya haura 350 a kowace murabba'in mil. A cikin wannan da'ira kusan kowace gona ana nome ta duk shekara, ba a barin ta ta huta. Taki ne ke riƙe ta, wanda ake tarawa daga turken dabbobi, ake kuma ɗaukowa daga birni a kan jakuna. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi, ta bayyana irin wannan cunkoso a littafinta na 1977.

Wannan tsari ya sauya aikin kare ta hanyoyi biyu. Na farko, manyan maƙiyan dabbobi sun ja da baya. Kura, wadda ta cika tatsuniyoyi, tana buƙatar kurmi da kogo, kuma inda kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi ba ta da maɓoya. Abin da ya saura shi ne dila da muzuru da tunku masu ɗaukar kaji, sai kuma ɓarawon akuya. Ba ɗayansu da ke buƙatar ƙaton kare.

Na biyu, mutane sun matsu da juna. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, amma kowanne na jin kiran ɗan'uwansa. Hanyar rijiya ta bi ta bayan dangar wani, hanyar makarantar allo ta ratsa gonar wani. Yarinya mai tallar fura, almajiri mai bara, Bafulatana mai nono, duk suna shiga gida ba tare da an gayyace su ba, kuma haƙƙinsu ne a al'ada. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki don kada su yi ɓarna, da rani a sake su su bi kara a gonar kowa. Karen da zai rayu a nan dole ya san bambancin mai wucewa da mai laɓe. Wanda ya ciji yaro ko ya kashe akuyar maƙwabci ba ya daɗewa, kuma ba ya barin iri.

Haka ƙarnuka suka tace karen gida da aka sani: matsakaici, mara nauyi, gajeren gashi, galibi ja-ja ko fari-fari, mai jure zafi da ƙishi, mai rayuwa da ɗumame da ƙanzo da dusa da abin da ya kamo da kansa. Aikinsa da dare haushi ne. Ya yi, na maƙwabta su amsa, maza su fito da fitila da sanda. Ƙarfin gadin yana hannun jama'a, kare mai shela ne kawai.

Maƙwabcin arewa

Wanda ya nufi arewa ya wuce Maraɗi da Tawa zai tarar da wata amsa ta daban. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye da Fulani makiyaya suna da dogon kare siriri mai tsawon ƙafa, wanda duniya ta sani yanzu da sunan kwarin. Tsayinsa a kafaɗa kan kai santimita 70, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba. Yana kamo barewa da zomo, yana kuma tsare zango da garke, kuma an san shi da ƙin baƙo. A can hakan daidai ne, domin zango ɗaya kan yi nisan yini da wani, kuma duk wanda ya tunkaro da dare abin tuhuma ne.

An fara fitar da shi zuwa Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta amince da shi a 2019. Abin lura shi ne, ko a inda makiyayi ke fuskantar kura da dila shi kaɗai, Sahel ba ta samar da kare mai kilo 60 ba. Zafi da ƙarancin abinci ba su yarda ba.

Inda ƙato da ɗan mitsitsi suka fito

Rabe-raben karnuka da takardar asali sabon abu ne. An yi baje-kolin karnuka na farko a Newcastle ta Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar rajistarsu a 1873. Daga nan masu kiwo suka shiga tsere wajen ƙara wa ƙarami ƙanƙanta da ƙara wa babba girma. A 1860, sojojin Ingila da Faransa da suka wawushe fadar bazara ta sarkin Sin sun kwaso ƙananan karnukan fadar, aka kai wa Sarauniya Victoria ɗaya. A Jamus, Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar karen makiyayan ƙasar a 1899, karen da Ingilishi suka sauya wa suna zuwa Alsatian bayan yaƙin duniya na farko, wanda kuma ya zama karen 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya.

Kowane ɗaya daga ƙattan nan ƙasarsa ce ta gina shi. Na Kokeshiya an yi shi ne don ya tare kyarkeci a tsaunuka masu dusar ƙanƙara, shi ya sa yake da gashi ninki biyu. Boerboel ya taso a manyan gonakin Turawan Afirka ta Kudu, inda gida ɗaya ke tsakiyar fili mai faɗin gaske, kuma sai a 1983 aka kafa ƙungiyar da ta daidaita irinsa. Dukansu an zaɓe su ne bisa hali ɗaya: su ɗauki wanda ba ɗan gida ba a matsayin barazana, su kuma yanke hukunci da kansu.

Tarihin Lhasa Apso yana da wani darasi. A Tibet ba abin wasa ba ne. Gidajen ibada da na attajirai sukan ɗaure ƙaton kare a bakin ƙofa, su bar wannan ƙaramin a ciki, domin kunnensa ya fi kaifi, shi ke fara jin motsi ya yi haushi. Mutanen Tibet sun raba gadi gida biyu, da mai ji da mai tarewa. Manoman Kano ma sun yi wannan rabo, sai dai su sun bar wa kansu aikin tarewar.

Waɗannan karnuka sun shigo arewacin Nijeriya ta unguwannin Turawa da barikoki, daga baya suka bazu a gidajen masu hali na birane. Yanayin da ya karɓe su shi ne gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, inda babu wanda ke shiga sai an buɗe masa. Matsalar takan fara ne idan aka ɗauke su daga nan aka kai su gidan da darni ne iyakarsa.

Lissafin ciyarwa da zafi

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Kare mai kilo 65 yana buƙatar abincin da ƙarfinsa ya kai na babban mutum, kuma ba zai yi lafiya da tuwo zalla ba, sai an haɗa da nama ko kifi ko abincin buhu, wanda yawancinsa daga waje ake shigo da shi. A gidan da ake auna hatsi ya kai kaka, wannan baki ne guda da aka ƙara. Karen gida yana rayuwa da kashi ɗaya cikin uku na wannan ko ƙasa da haka.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano kan kai digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma gwargwadon girman jiki da kaurin gashi, gwargwadon wahalar fitar da zafin. Karen Kokeshiya a bazarar Dambatta yana buƙatar inuwa da ruwa a kowane lokaci, in ba haka ba zafi na iya kashe shi. Kaska da cututtukan jinin da take ɗauke da su sun fi kayar da baƙon iri. Ƙattan karnuka kuma ba su cika wuce shekara 8 zuwa 10 ba, galibi da ciwon gaɓoɓi a ƙarshe.

Ƙaramin ba ya cin abinci da yawa, yana kuma iya kai shekara 14. Amma dogon gashinsa tarkon ƙarangiya ne da ƙura da kaska, sai an riƙa aske shi ana taje shi. Ba zai iya kare kansa daga karnukan unguwa ba, kuma sace shi ya fi sace kaza sauƙi. Wurin da ya dace da shi cikin ɗaki ne, wurin da mafi yawan iyalan Musulmi ba za su ba shi ba.

Cizon da ya fi ɓarawo haɗari

Akwai wani abu da ba ruwansa da girma ko asali, wato ciwon haukan kare. An fara rubuta shi a jikin mutum a Nijeriya a 1912. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar rigakafinsa, kuma ana samun allurar a wurin likitocin dabbobi.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar don a fara masa allura, ba tare da jiran ganin halin da karen zai shiga ba. Raunin karen gida a nan yake: yana yawo, yana cuɗanya da karnukan da ba su da mai su, kuma da wuya a yi masa rigakafi. Duk mai ajiye kare, kowane iri ne, wannan allura ita ce haƙƙin farko da maƙwabta ke bin sa. Malaman fiƙihu ma sun ɗora wa mai kare mai cizo alhakin ɓarnar da ya yi, musamman idan an riga an gargaɗe shi.

Zomon bana

Hausawa suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma masu tallar ƙattan karnuka da wannan suke kafa hujja: zamani ya sauya, ɓarawon akuya ya zama ɗan bindiga. Gaskiya ne ya sauya. Amma mutanen da ke zuwa a kan babura da bindigogi ba kare ne zai tare su ba, ko da ya kai girman zaki. Harsashi ɗaya ko guntun nama mai guba ya ishe shi. Abin da kare ke iya bayarwa a irin wannan dare shi ne 'yan mintoci: a farka, a kira maƙwabta da jami'an tsaro a waya, a fitar da mata da yara ta baya. Haushin da ke yaɗuwa daga gida zuwa gida ya fi samar da waɗannan mintoci fiye da ƙato ɗaya da ke kulle a bayan katanga.

Wannan ba ya nufin ƙaton kare ba shi da wuri. Mai gidan kaji ko wurin kiwon shanu da ke da cikakkiyar katanga, da ma'aikacin da ya san horo, da kuɗin abinci da magani, yana iya amfana da shi, da sharaɗin ba zai taɓa fita shi kaɗai ba. Ƙaramin ma yana iya zama ƙararrawa mai kyau a tsakar gidan birni. Amma ga gidan da ke cikin gonakin Tsanyawa ko Minjibir, inda yaran maƙwabta ke ratsawa da safe, awakin kowa ke kiwo tare da rani, tarihi yana nuna karen da ya riga ya san wurin. Abin da ya rasa tun fil azal kaɗan ne, kuma mai sauƙi: allurar rigakafi duk shekara, maganin tsutsa da kaska, kasko mai abinci da ruwa, da wurin kwana a bakin zaure. Kuɗin kwikwiyon Boerboel ɗaya ya isa a yi wa karnukan unguwa guda wannan hidima.